Kwafi Bai San An Taɓa Asali Ba

Duk ma'aikacin da ya daɗe a biro ya san bambancin da ke tsakanin asalin takarda da kwafinta. Asali yana kwance cikin dosiye, an kulle shi a kabad, kwafi kuwa shi ke yawo daga tebur zuwa tebur. Ɗan kasuwa ma bai jahilci wannan ba, domin akwai babban littafin da ke zaune a magaza, akwai kuma ɗan kayen aljihu da yake kwafe lissafi a ciki kafin ya fita. In yaron magaza ya fitar da buhu 10 bayan fitar maigida, kayen aljihu ba shi da labari. Zai ci gaba da cewa buhu 50 ne suka rage har ranar da aka zo ƙirga. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kwamfuta, wadda muke ce wa ordinatar, bisa wannan tsari take aiki, kuma irin wannan rashin labari yana samunta. A kansa nake so in tsaya wannan sati, ko da yake zancen zai bi da mu ta cikin sana'ar da ba kowa ke yinta ba, wato sana'ar masu rubuta wa kwamfuta umurni.

Rubutun da aka ajiye cikin kwamfuta yana zaune ne a faifanta, cikin abin da ake kira fayil, ko fishiye in ji mutanen biro. Sa'ad da mutum ya buɗe fayil, na'ura ba ta miƙo masa fayil ɗin kansa. Kwafe shi take yi zuwa ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, sa'an nan ta shimfiɗa kwafin a kan allo. Duk ƙari da gogewar da mutum ke yi, a kan kwafin nan yake yinsu, faifai ba ya sanin komi sai an danna umurnin ajiya. Manhajar da ke wannan aiki na buɗewa da nunawa da ajiyewa ita ake kira edita. Kada mai karatu ya ɗauka editan jarida ake nufi. Wannan kayan aiki ne, kamar yadda keken ɗinki yake ga tela. Masu rubuta umurnin kwamfuta, wanda suke kira kod, gaban edita suke wuni. Akwai shahararru, irin su GNU Emacs da Richard Stallman ya fitar a 1985, da Vim na Bram Moolenaar, mutumin Holan, wanda ya fito a 1991, da Visual Studio Code na kamfanin Microsoft, wanda ya bayyana a 2015. Akwai kuma masu ƙera nasu editan daidai da bukatarsu, kamar maƙerin da ke ƙera wa kansa awartaki. Duk wanda ya yi haka, ba ya daɗewa sai ya yi karo da wannan tambaya: yaya edita zai san an taɓa asali alhali shi kwafi yake riƙe da shi?

Mai karatu zai ce, wa zai taɓa fayil alhali mai shi yana zaune a gabansa? Masu taɓawa suna da yawa. Akwai manhajar da ake kira Git, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 2005, mai adana tarihin kowane canji da aka yi wa kod. Da umurni guda takan musanya ɗaruruwan fayiloli cikin ƙiftawar ido, ta mai da su yadda suke a watan jiya, ko yadda abokin aiki ya gyara su. Akwai ƙananan manhajoji masu daidaita layuka, waɗanda ke sake rubuta fayil da zarar an ajiye shi. Akwai abokin aiki da ke wani ɗaki, wanda na'urarsa da taka suke tarayya a faifai guda. A ƴan shekarun nan kuma an samu manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, da ake ba su aiki su shiga fayiloli su yi gyara da kansu. Duk waɗannan a faifai suke aikinsu, ba su bi ta kan allo. In edita bai farga ba, ɓarna iri biyu ke biyo baya. Ta fari, mutum ya yi ta karanta tsohon zance yana tsammanin sabo ne. Ta biyu ta fi muni: ya ƙara harafi guda, ya danna ajiya, sai tsohon kwafi ya hau kan sabon asali ya shafe shi, ba ƙara, ba gargaɗi. Gobara da ɓarawo suna barin alama, wannan asara kuwa sai bayan kwanaki ake gano ta, sa'ad da ba mai iya tuna abin da ya ɓace.

Ni ɗan jarida ne, kod ba sana'ata ba ce. Na san al'amarin ne ta hanyar ɗan yayata, saurayin da ya karanta ilmin kwamfuta, wanda ya ƙera wa kansa ɗan edita a kan Linux saboda dalili biyu: tsohuwar na'urarsa ba ta ɗaukar manyan editoci, sa'an nan yana so ya riƙa buga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba wahala cikin saƙonnin da manhajojinsa ke nuna wa masu amfani da su. Shi da wani abokinsa suna yi wa wani mai kanti manhajar lissafin kaya. Wata rana abokin ya gyara wurin da ake lissafa ragi, ya aiko, Git ta zuba gyaran a faifai. Fayil ɗin kuwa yana buɗe cikin editan ɗan yayata tun safe. Da yamma ya gyara wata kalma can ƙasa, ya ajiye, gyaran abokin ya tafi. Sai da mai kanti ya ga faktir tana fitowa da tsohon lissafi aka koma bincike. An samo gyaran cikin tarihin da Git ta adana, amma mai kanti ya riga ya sallami masu saye da ragin da ba daidai ba, kuɗin da ya fita kuwa ba ya dawowa. Da na tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce: «Kawu, editan bai yi ƙarya ba. Abin da na ba shi da safe shi ya mayar da yamma. Ban koya masa waiwaye ba ne.» Daga nan muka shafe maraice da dama, shi yana gyara, ni ina yi masa tambayoyi kamar yadda sana'ata ta sabar mini. Abin da zan kawo a ƙasa, daga wannan zama na samo shi.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce sintiri. Ban da rubutun da ke cikinsa, kowane fayil yana ɗauke da wasu bayanai a bayansa, cikinsu har da girmansa da lokacin da aka yi masa canjin ƙarshe. Edita yakan riƙe waɗannan biyu sa'ad da ya buɗe fayil, sa'an nan bayan kowane ɗan lokaci ya leƙa faifai ya gwada. Emacs yana da irin wannan tsari, kuma in ba a canza masa ba, bayan kowane sakan 5 yake leƙawa. Dabarar tana da sauƙi, tana aiki a ko'ina, amma tana da tsada, tana da makanta. Leƙa fayil 10 ba komi ba ne, amma aikin da ya tara fayil dubu 50, in za a bi su ɗaya-ɗaya kowane sakan, ƙarfin na'ura da batir duk a sintiri za su ƙare. Makantar kuwa daga agogo take. Kile ɗin USB da muke yawo da su a aljihu, da yawansu tsarin FAT32 gare su, wanda ke rubuta lokacin canji da tazarar sakan 2. In an taɓa fayil sau biyu cikin wannan tazara, girmansa kuma bai canza ba, misali an mai da 3 ta zama 8, mai sintiri zai duba ya ce lafiya lau. Ita kanta Git ta san da wannan rami: in lokacin da ke kan fayil ya zo daidai da lokacin da ta rubuta rajistarta, ba ta yarda da agogo, sai ta buɗe fayil ɗin ta karanta abin da ke ciki.

Dabara ta biyu ita ce a sa mai kawo labari. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, Windows ce, ko Linux, ko ta kamfanin Apple, ita ce mai tsaron ƙofar faifai, babu abin da ake rubutawa bai bi ta hannunta ba. Saboda haka edita yana iya ce mata: in an taɓa wuri kaza, ki sanar da ni. Windows NT ta samu wannan hanya tun cikin shekarun 1990. A 2000 Jonathan Lemon ya kawo kqueue cikin FreeBSD. Linux ta fara da dnotify a 2001, amma tana da aibi, domin dole a riƙe dosiyen da ake gadi a buɗe, abin da ke hana a sallami faifan da dosiyen yake ciki a zare shi lafiya. A 2005 inotify ta gaje ta, aikin John McCutchan da Robert Love, cikin sigar Linux mai lamba 2.6.13. Apple ta kawo FSEvents a 2007. Da fari dosiyen da aka taɓa kawai take faɗa, sai a 2011 ta fara faɗin fayil ɗin kansa. Emacs ma, duk da tsufansa, ya karɓi hanyar sanarwa a 2014. Kowace daga cikinsu da harshenta da halinta, shi ya sa mai son editansa ya yi aiki a na'urori dabam-dabam yakan ɗauki wata manhaja ta zama tafinta a tsakani, irin su Chokidar, ko Watchman ta kamfanin Facebook.

Mutum zai ce to an gama, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ɗan yayata ma haka ya zata: ya sa wa kowane fayil da ke buɗe mai gadi. Sanarwa ta fari ta zo, daga nan sai shiru, ko da an sake taɓa fayil ɗin sau goma. Dalilin yana cikin yadda manhajoji masu tsantseni ke ajiya. Ba su rubuta sabon zance kai tsaye a kan tsoho, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, ba tsoho ba sabo. Wannan kuwa ba abu ba ne da mutumin Maraɗi ko Damagaram ke bukatar a yi masa dogon bayaninsa. Abin da suke yi shi ne su rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi, in ya kammala su cire sunan tsohon su ɗora masa. A idon mutum fayil ɗaya ne, tunda suna bai canza ba. A idon Linux kuwa wani fayil ne dabam, mai wata lambar rajista. Ita inotify lambar take gadi. Ke nan mai gadi yana nan zaune a ƙofar kango, maigida ya tare a sabon gida da sunansa. Maganin shi ne a ɗora gadin a kan dosiyen da fayil yake ciki, a riƙa tace sanarwa da suna.

Amma mai gadin dosiye yana jin hayaniyar da mai gadin fayil guda ba ya ji. Kafin Vim ya ajiye, yakan ƙirƙiri wani ɗan fayil mai suna 4913 don ya gwada ko zai iya yin sabon fayil a wurin, nan take kuma ya goge shi. Ajiya guda ta wata manhaja tana iya haifar da sanarwa huɗu ko biyar a jere: an buɗe, an zubar da tsoho, an rubuta, an ƙara rubutawa, an rufe. Editan da ya zabura tun sanarwar fari zai tarar da rabin fayil, ko ma fayil wayam, ya shimfiɗa shi a kan allo. Sauri ya haifi nawa. Abin yi shi ne ya ɗan dakata, abin da bai kai sakan guda ba, har hayaniya ta lafa, ko ya jira sanarwar da ke cewa mai rubutu ya rufe fayil. Akwai kuma amsa-kuwwa. In edita ya ajiye da kansa, mai kawo labari ba ya bambancewa, zai zo ya ce an taɓa fayil. Editan da bai gane muryarsa ba sai ya tsai da mutum yana tambayarsa a kan canjin da shi mutumin ya yi yanzu-yanzu. Don haka dole ya tuna abin da ya rubuta, ya gwada shi da abin da ke faifai, in ɗaya suke ya yi shiru.

Ko an gyara waɗannan duka, mai kawo labari yana da iyaka. Ita inotify ba ta shiga ƙananan dosiyoyi da kanta. Kowane dosiye sai an sa masa nasa mai gadi, kowane mai gadi kuma yana cin wajen kilobait 1 na ƙwaƙwalwa. Shekaru da yawa iyakar da Linux ke ba mutum guda ita ce 8192, adadin da babban aiki guda ke iya wucewa, har masu Visual Studio Code suka ba da shawarar a ɗaga ta zuwa 524288. Sai a 2021, cikin siga mai lamba 5.11, aka sa iyakar ta riƙa bin girman ƙwaƙwalwar na'ura. Layin da sanarwa ke jira a cikinsa shi ma yana cika; bisa al'ada 16384 yake ɗauka, in an wuce haka sauran sun zube, sai a aiko sanarwa guda mai cewa an yi ambaliya. Windows ma in ma'ajinta ya cika, zubar da abin da ke ciki take yi, ta bar edita ya sake duba dosiyen daga fari. Daɗin daɗawa, in fayil yana faifan wata na'ura, wani kuma ya canza shi daga na'ura ta uku, Linux ɗin da ke gabanka ba ta gani, domin canjin bai bi ta ƙofarta ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, shirun mai kawo labari ba shaida ba ce cewa ba abin da ya faru. Shi ya sa editan kirki yake haɗa hanyoyin: yana sauraron sanarwa, yana sake leƙawa duk sa'ad da mutum ya dawo kansa daga wata manhaja, yana komawa sintiri in fayil ɗin na nesa ne, sa'an nan, abin da ya fi duka, yana sake duba faifai a daidai lokacin da zai ajiye. Wannan duba na ƙarshe shi kaɗai da ya isa ya hana asarar mai kanti.

Duk wannan rabin aiki ne, kuma shi ne rabin mai sauƙi. Labari ya iso, an tabbatar fayil ya canza. To me edita zai yi? In mutum bai taɓa kwafin da ke kan allo ba tun buɗewa ko tun ajiyar ƙarshe, ba shi da abin da zai yi hasara, sai edita ya ɗauko sabon ba tare da tambaya ba. Ko a nan akwai ladabi. Kada ya mai da mutum layin fari alhali yana layi na 900. Kada kuma ya toshe masa hanyar komawa baya, wato ya ɗauki canjin da ya zo daga waje kamar gyara guda da ake iya warwarewa. In agogo ne kawai ya motsa, abin da ke ciki bai canza ba, ya yi shiru. In an goge fayil daga faifai, kada ya rufe allo, domin mai yiwuwa kwafin da ke kan allon shi kaɗai ya rage. Ya sa alama dai, ya bar mutum ya yanke shawara. Sai hali na huɗu, wanda dominsa na ɗauki alƙalami: mutum ya yi gyara bai ajiye ba, faifai ma ya canza. Yanzu rubutu biyu ke akwai, kowane da gumin wani a ciki. Duk wanda edita ya zaɓa da kansa, ya zubar da aikin mutum guda.

Manyan editoci, duk da saɓanin da ke tsakanin magoya bayansu, sun tsaya a matsaya ɗaya: na'ura ba ta yanke wannan hukunci ita kaɗai. Emacs ba ya sabunta kwafin da aka taɓa, kuma in mutum ya fara rubutu a kan kwafin da asalinsa ya riga ya canza, tun harafin fari yake tsai da shi ya tambaye shi. Vim yakan yi gargaɗi, ya kuma nemi tabbaci kafin ya rubuta a kan fayil ɗin da ya canza tun bayan karanta shi. Visual Studio Code yakan ƙi ajiyar, ya ba mutum zaɓi, ko ya jera rubutun biyu ya duba, ko ya shafe na faifai da saninsa. Abin da ya fi inganci shi ne edita ya riƙe kwafi na uku, wato fayil yadda yake a lokacin da aka buɗe shi. In biyu kawai ke hannu, aka ga layi cikin ɗaya babu shi cikin ɗayan, ba a sanin ko wannan ne ya ƙara ko wancan ne ya goge. Na ukun shi ne shaidar da ta halarci farkon magana. Dabarar ba sabuwa ba ce: manhajar diff3, mai gwada rubutu uku, ta fito cikin siga ta 7 ta Unix, daga ɗakunan binciken Bell a Amurka, a 1979, kuma bisa wannan hikima Git take haɗa aikin mutum biyu. In ɗaya ya gyara sama, ɗaya ya gyara ƙasa, sai a haɗa su lafiya. In layi guda suka taɓa, sai a ajiye duka biyun a gaban mutum.

Ma'aikacin biro ya daɗe yana ganin wata fuskar wannan al'amari, ko da bai san sunanta ba. Ƴan fayilolin nan da sunansu ke farawa da alamar ~$, waɗanda ke bayyana kusa da takardar Word da aka buɗe, kwaɗo ne: suna ɗauke da sunan wanda ya buɗe, domin in wani ya zo a ce masa takardar tana hannun wane. LibreOffice ma yana da irin nasa. Kwaɗo yana maganin rikici tun kafin ya taso, amma yana aiki ne kawai tsakanin manhajojin da suka yarda su girmama shi. Git da masu daidaita layuka ba su tsayawa neman iznin edita. In kuwa wuta ta ɗauke, kwaɗon yakan rage a ƙofa bayan mai shi ya tashi. Dropbox ta ɗauki wata hanya: in na'ura biyu suka canza fayil guda, takan ajiye duka biyun, ta sa wa ɗaya alamar saɓani a sunansa. Dosiye yakan cika da tarkace, amma ba aikin wanda ya salwanta, kuma a ganina tarkacen da ake iya sharewa ya fi tsaftar da aka saya da asarar wani.

Akwai wata ƙa'ida da ke ƙarƙashin wannan duka, wadda na ga alamarta a wurare biyu. A 2016 Microsoft ta fito da wata yarjejeniya, ana kiranta LSP, wadda editoci ke magana ta cikinta da manhajojin da ke duba kuskuren kod. A cikinta an tsai da cewa, daga lokacin da edita ya sanar ya buɗe fayil, abin da ke hannunsa shi ne abin dogaro, mai dubawa ba ya zuwa faifai ya karanta har sai an rufe. A 2020 kuma Visual Studio Code ya buɗe ƙofa ga masu son ƙera tasu fuskar edita a kansa, misali wadda ke nuna fayil ɗin rubutu a matsayin jadawali ko zane. A can ma, babban edita shi ke riƙe da takarda yana lura da faifai. Sabuwar fuskar aikinta ta saurari canjin takardar ta sake zana kanta, in ta yi gyara kuma ta miƙa wa takardar. Wato a kowane lokaci akwai wuri guda sananne da ake komawa in an yi gardama. Rikici yana farawa ne ranar da allo da faifai kowane ya ɗauka shi ne asali.

Wani zai ce yawan tambaya ma cuta ce, kuma yana da gaskiya. Shugaban da ake kawo wa takarda 100 a yini don sa hannu, kafin azahar ya daina karantawa. Wadda ke da haɗari a cikinsu sai ta wuce tare da sauran. Haka mutumin da edita ke tsayarwa a kan kowane motsin agogo zai saba da danna «to» ido rufe, ranar da tambayar ta zama ta gaske kuma hannunsa ya riga hankalinsa. Saboda haka duk wahalar da na lissafa a sama, ta tace hayaniya da gane amsa-kuwwa da gwada abin da ke ciki, amfaninta shi ne a rage tambaya har ta koma wuri ɗaya tak, inda aikin mutum biyu ya yi karo. In an zo wurin, a nuna wa mutum rubutun biyu gefe da gefe, a sa zaɓin da ba ya shafe komi ya zama shi ne mafi kusa da hannu, wanda aka yar kuma a ajiye shi wani lungu na ɗan lokaci, ko da mutum zai yi da-na-sani.

Ba kowane mai karanta wannan shafi ne zai ƙera edita ba, amma da yawa suna biyan samari su rubuta musu manhajar kanti, da yawa kuma suna tarayya da abokan aiki a jadawalin albashi ko na kaya guda. Akwai gwajin da kowa zai iya yi cikin minti 2, ba sai ya san kod ba. A ɗauki kwafin wata takarda marar muhimmanci, a buɗe ta a wuri biyu. A canza lamba a na fari a ajiye. A koma na biyu a canza wata lamba dabam a ajiye. In manhajar ta sabunta kanta, ko ta tsaya ta yi tambaya, ko ta ajiye duka biyun, to ana iya ba ta amanar lissafi. In kuwa ta karɓi ajiya ta biyu shiru, lambar fari ta ɓace, to a kira wanda ya rubuta ta tun kafin hakan ta faru da littafin gaske, kafin ya zo kuma a tsai da ƙa'ida a biro: takarda guda, hannu guda a lokaci guda. Gani ya kori ji. A gwada a gani. Sai wani satin, in muna da rai.